Kabo Mai Walda da Tagar Tarauni

Kabo taubashina ne, ɗan kawuna, don haka duk abin da na faɗa a kansa babu mai kai ni ƙara. Ni Bashir tela ne, shi kuma mai walda, kuma shekara ashirin da huɗu ke nan shagona yana manne da nasa a Gyaɗi-Gyaɗi. Wanda bai taɓa ɗinka shadda mai tsada kusa da mutumin da ke watsa tartsatsin wuta ba, bai san jarrabawa ba. Akwai wani ango da har yau in na hango shi nake sauya hanya, saboda abin da ya sami babbar rigarsa. Da na nuna wa Kabo hujojin, sai ya ɗaga rigar ya duba ta a rana, ya ce ai yanzu iska za ta fi shiga.

A unguwar nan aka haife shi. Ya yi aji huɗu a firamare, sannan shi da malamansa suka rabu ba tare da kowa ya yi kewar kowa ba. Kawu ya kai shi wurin wani mai gyaran kurar ruwa a Unguwa Uku, a can ya koyi haɗa ƙarfe da ƙarfe. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, idanunsa kullum jajaye. Ƙarar guduma ta cinye masa kunne ɗaya, shi ya sa ko sirri zai faɗa maka sai mai shayin tsallaken titi ya ji.

Ƙarfen taga ne ya yi masa suna. Mutumin garin nan zai iya tarewa a gida babu silin, babu famfo, babu fenti, amma ba zai kwana ba sai an datse masa kowace taga da ƙarfe. Kabo kuwa ba ya yin aikin wasa. Rodi mai kauri yake nema, ya lanƙwasa bakinsa, ya binne shi cikin siminti tsawon tafin hannu, sannan ya gitta wani a kai ƙut da ƙut yadda ko kyanwa sai ta rame kafin ta wuce. In ya gama sai ya kama ƙarfen da hannu biyu ya yi lilo a jikinsa a gaban mai gida. "Alhaji," in ji shi, "ɓarawon da ya ga wannan, gida zai koma ya nemi sana'a." Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni masu gidajen haya shi suke nema, kuma gaskiya ban taɓa jin an fasa aikinsa ba. Cika bakin ne dai ya ishe mu.

Abu ɗaya ne na sani yana rufe wa Kabo baki, wato 'yarsa Safiyyah. Ita ce 'yar fari, shi kuwa ya ɗauki kunyar 'yar fari ya kai ta inda ko kakanninmu ba su kai ta ba. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". In ta gaishe shi, bango yake amsa wa. Ta yi karatu ta zama malamar sakandare, ta auri Sagiru, wani ma'aikacin gwamnati mai sanyin hali, suka kama haya a Tarauni a gidan wani Alhaji Lawan. Shekara uku Kabo bai taka ko layin ba. Matarsa Salamatu ce ke zuwa ta dawo da labari, shi kuma ya juya mata mataccen kunnen kamar bai damu ba, alhali ya karkato da mai lafiyar.

A bara ne, wata Talata da hantsi, wani mai adaidaita sahu ya taka birki a ƙofar shagonmu yana ihu a zo da injin yankan ƙarfe, gobara a Unguwa Uku, akwai mutum a ciki. An kwana biyu babu lantarki, wani ɗan haya ya bar hita a jone ya tafi kasuwa, sai aka kawo wuta. Kabo ya sunkuci injinsa. Ni ma na rufe shago na bi shi, kuma ba zan yi ƙarya ba, son kallo ne ya kai ni.

Muka tarar wuta ta tare ƙofar gidan. A ɗakin baya wata tsohuwa ce, Inna Indo, tana riƙe da ƙarfen taga tana salati, hayaƙi na fitowa ta saman kanta. Kabo ya nemi inda zai jona inji, babu, don an riga an katse wutar layin. Ya koma guduma. Ya daki ƙarfen nan iya ƙarfinsa, ko motsi bai yi ba. Aka kawo zarto, haƙoran zarton suka zube. Wani daga cikin taron ya ce, "Kai, wane mugu ne ya yi wannan aiki?" Na dubi Kabo. Ba sai an faɗa mini ba, don na san hannunsa a walda kamar yadda na san ɗinkina a jikin mutum. A ƙarshe bango aka fasa da diga a ƙasan tagar aka jawo ta, kafin 'yan kwana-kwana su iso su kashe wutar. Ta rayu. Amma tafukan hannunta duka biyu sun saluɓe, saboda ƙarfen da ta riƙe ya yi zafi kuma ba ta da wani abin riƙewa.

Kwana uku Kabo bai cika baki ba. Ranar farko na ji daɗin shirun, ranar ta biyu ya fara damuna. A rana ta huɗu ya shigo shagona ya zauna a kan yadin mutane.

"Bashir, gidan Alhaji Lawan na Tarauni, ni na yi masa tagogi."

"Ai rabin Tarauni kai ka yi wa."

"Ƙofa ɗaya ce a kowane sashe. Kicin kuma yana bakin ƙofar. Ɗakin kwana yana can ƙurya." Sannan ya ce, "Rodin da na sa a can ya fi na Unguwa Uku kauri."

Nan na gane. Na ce to ya tashi ya je ya faɗa wa 'yarsa. Ya dube ni kamar na ce ya fita titi babu wando. Ya ce shi da mai gida zai yi magana, namiji da namiji.

Alhaji Lawan mutum ne mai gidaje shida da waya uku, kuma duk ukun suna ƙara a lokaci ɗaya. Ya saurari Kabo da rabin kunne, sannan ya ce, "Malam Kabo, ba kai ka yi lilo a jikin ƙarfen nan a gabana ba? Gobara ai ƙaddara ce."

"Sata fa, Alhaji?" in ji Kabo.

"Sata sakaci ne." Ya ɗaga waya ɗaya, ya rufe ta da tafin hannu. "Duk ɗan hayar da ya taɓa mini ƙarfe, ya haɗa kayansa. Ka gaida gida."

A hanyar dawowa Kabo ya shirya dabararsa. Sashen su Safiyyah a ƙasa yake, tagar ɗakin kwana tana kallon wani lungu. Za mu bi ta lungun ranar aiki, lokacin da ita tana makaranta mijin yana ofis. Zai yanke rodi biyu kawai, ya mai da wurin ɗan ƙyaure mai buɗuwa, ya shafa fenti yadda ko Alhaji ya zo da tabarau ba zai gane ba. Ta haka bai shiga gidan 'yarsa ba, bai haɗa ido da suruki ba, mai gida kuma bai sani ba. Ni aka sa na kira Sagiru. Ya ce, "To Kawu, Allah ya saka da alheri, zan bar gilashin a buɗe." Ya so ya ƙara wata magana, sai ya haɗiye ta, ni kuma ban tambaya ba.

Ranar Litinin muka loda janareto da inji a adaidaita sahu. Ba mu yi minti biyar da tayar da janareto ba sai ga wani dattijo ya ɓullo daga bakin lungu da taɓarya a hannu. "Ɓarayi da janareto, da rana tsaka? Lallai duniya ta ci gaba!" Wannan shi ne Baba Habila, maƙwabcin su Safiyyah, mutumin Kafanchan, wanda ya yi shekara talatin a aikin kashe gobara kafin ya yi ritaya. Daga baya na ji cewa ya addabi 'yan gidan da wa'azin tukunyar gas, har in sun hango shi sai su ce ga gobara nan tafe. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya jingine taɓarya ya kama hannun Kabo da hannu biyu. Ya ce shekara shida yana faɗa wa Alhaji maganar nan, har matarsa Saratu ta ce ya bari kada a kore su.

Daga nan ya zama shugaban aiki ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Ya ga kwaɗon da Kabo ya zo da shi, ya ce a mai da shi aljihu. "Malam Kabo, cikin hayaƙi mutum ba ya ganin hannunsa, balle makulli. Abin da aka koya mana shi ne, duk ɗakin da ake kwana a ciki ya kasance da hanyar fita ban da ƙofa, kuma ta buɗu daga ciki da hannu ɗaya. Sa sakata. Ka rufe ta da faifan ƙarfe ta waje don kada a zuro hannu. Mariƙin kuma ka sa masa katako." Kabo, wanda bai taɓa karɓar gyara daga kowa ba tun da na san shi, ya ce to. A kan maganar katakon kuwa kai kawai ya sunkuyar.

Abin dariya shi ne yadda ya haɗa sakatar. Dole hannunsa ya shiga cikin ɗakin, amma ya rantse idonsa ba zai ga gadon 'yarsa ba. Sai ya zura hannu ya kau da kai yana kallon kwata, yana walda da lalube. Sau biyu yana ƙona yatsa. Na ce masa da haka yake kau da kai daga shagona da mun zauna lafiya.

Da aka gama, Baba Habila ya ce sai an gwada. Ni ne siriri, ni aka zaɓa. Suka ɗaga ni, na zura kai, na zura kafaɗa, na sulale na faɗa kan katifa da hulata a baki. Da na ɗago, sai ga Safiyyah tsaye a ƙofar ɗakin, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da kofin ruwa. Ashe tana falo tun safe, ta fara hutun haihuwa. Cikinta wata takwas.

Na sani, ba zan ce ban sani ba. Matata ta faɗa mini, duk dangi sun sani. Kabo ne kaɗai bai sani ba, don ba a tarar uba a ce masa 'yarsa ta fari tana da ciki. Salamatu ta taɓa gwadawa, ta ce masa yarinyar nan jikinta ya yi nauyi kwana biyu, shi kuma ya aika mata da maganin zazzaɓi. Sagiru ma abin da ya haɗiye a waya ke nan. Amma ni fa? Ni tela ne, awo shi ne abincina, na tsaya ina kallo ana yanka ƙofa daidai ƙugun mutum irina ban tuna ba. Wannan kunyar har yau ba ta sake ni ba.

Safiyyah ta gaishe ni, ta ƙarasa bakin taga. "Baba, sannu da aiki."

Kabo ya juya wa tagar baya. "Yawwa. Bashir, ka faɗa mata in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ta ja wannan sakatar ta fito."

"Baba, ni ba zan wuce ta nan ba."

"Bashir, ka faɗa mata kai ma ka wuce."

Ta ja da baya zuwa tsakiyar ɗaki inda haske yake, ta tsaya. Ta ce, "Baba, ka duba."

Ya daɗe kafin ya juyo. Ya duba. Ya dubi ɗan ƙyauren da ya yanka, ya sake dubanta. Na ga yana auna su da ido, kamar yadda yake auna bango kafin ya yanka rodi. Baba Habila ya tafi ya kashe janareto, ko da yake babu wanda ya sa shi.

Lissafin a fili yake. Kafin ta wuce sai an cire ƙarfen gaba ɗaya, kuma bakinsa ta cikin ɗaki aka binne, don haka ta ciki za a tono shi. Sai kuma an rage layin bulo biyu a ƙasan tagar, tunda mai ciki ba za ta yi tsalle ba. Wannan kuwa ba aikin da fenti zai ɓoye ba ne. Na tuna musu abin da Alhaji ya ce. Safiyyah ta kira mijinta a waya, suka yi magana kaɗan, ta kashe. Ta ce, "Ya ce a yi. Gida ana samun wani, Baba."

Kabo ya naɗe wayar injinsa a hankali. Ya zagaya ta ƙofar gaba. Ya cire takalmi, ya jera su, ya yi sallama sau uku kamar ya zo gidan da bai san kowa ba, alhali ni da ita muna tsaye muna kallonsa. Yana shiga ya yi karo da tukunyar gas a bakin ƙofa, dab da labule. Ya kwance ta ya rungume ta ya kai tsakar gida, Baba Habila na biye da shi yana cewa, "Ka gani? Ka gani?" Sannan ya wuce ɗakin kwanan, idonsa a ƙasa, ya ce mini in ja gadon nan gefe.

Aikin da ya yi shekara goma sha ɗaya da suka wuce bai ji tausayinsa ba. Awa uku yana sara da kurfi da guduma kafin bakin rodi na farko ya fito. Yana sara yana zagin wanda ya binne shi, ni kuma ina taya shi da zuciya ɗaya.

Wajen la'asar Alhaji Lawan ya iso, wani ya kai masa rahoto. Ya tsaya a lungu yana kallon ƙaton rami a bangonsa, wayoyinsa na ƙara ya ƙi ɗauka. Ya ce an ci amanarsa. Ya ce zai faɗa wa duk masu gidajen Tarauni kada wanda ya ƙara ba Kabo aiki. Ya ce hayar su Sagiru tana ƙarewa ƙarshen shekara, su nemi wani wuri.

Kabo ya leƙo ta ramin, fari fat da ƙurar siminti. "Alhaji, na ji. Amma daga yau zuwa ƙarshen shekara a ɗakin nan za ta kwana. In sun tashi zan mayar maka da ƙarfenka yadda yake, in kana so. Inda suka koma kuma zan bi su da injina."

Alhaji ya cika alkawuransa duka biyu, gara in faɗa tun yanzu. Su Safiyyah sun tashi a watan Disamba, kuma aikin Kabo ya ragu a Tarauni. Masu gida ba sa son mai waldar da ke tambayarsu ƙofa nawa ce a gidan. 'Yan haya ne ke lallaɓowa yanzu, su ce a zo ranar da mai gida ya yi tafiya.

Amma ranar dai, kafin magariba, ƙyauren ya tsaya: faɗinsa faɗin tagar duka, sakata a ciki, mariƙi na katako, da bulo biyu a lungu a matsayin matakala. Sagiru ya dawo daga ofis ya tsaya can nesa yana sunne kai. Baba Habila ya ce mai ɗaki za ta gwada, kuma da ido a rufe, daga kan gado, domin a haka gobara take samun mutum.

Kabo ya fita ya tsaya a lungu. Safiyyah ta rufe ido, ta taso, ta bi bango da hannu. Ta wuce tagar, ta dawo, ta yi ta lalube kafin ta sami sakatar. Baba Habila yana duban agogonsa, ya girgiza kai.

"Sake," in ji Kabo. Bai ce Bashir ka faɗa mata ba.

Ta sake. Ta sake kuma. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali, na ce a bar yarinya ta huta haka nan, ko kallona bai yi ba. A karo na huɗu hannunta ya tafi kai tsaye kan katakon, ƙyaure ya buɗe, ta zuro ƙafa ɗaya tana neman bulo. Bulon ya goce. Kafin ni ko mijinta mu motsa, Kabo ya riga ya tare ta, hannayensa biyu a damatsanta, nauyinta duka a ƙirjinsa. Ya sauke ta a hankali har ƙafafunta suka taka ƙasa.

Ta buɗe ido. Bai sake ta ba, bai kuma kau da kai ba.

"Kin fito," ya ce.

"Na fito, Baba."

Ni da na saba yi masa dariya tun muna yara, na nemi abin tsokana na rasa. Baba Habila ya ce ya isa haka, ta iya. Kabo ya gyaɗa kai. Ya durƙusa ya gyara bulon, ya danna shi da ƙafa, ya hau kansa da duka nauyinsa. Sannan ya dube ta ya ce ta koma ciki, a ƙara sau ɗaya.